Ɗigon Kwantam da Tambarin Hologiram: Martani ga Mai Cewa An Kusa Gamawa da Jabu

Hologiram shi ne ɗan tambarin nan mai ƙyalli da ake gani a jikin katin ATM da fasfo da kwalin magani da galan ɗin man inji, wanda launinsa ke sauyawa idan an karkata shi. A kasuwannin ƙaramar hukumar Bagudo, tun daga Bahindi da Zagga har Illo da Lolo da Tsamiya a bakin iyakar Benin, ba baƙon abu ba ne a ga mai saye ya ɗaga kwalbar maganin feshi a rana yana juya ta, ya ga ko tambarin zai yi wasa, sannan ya miƙa kuɗi. A kan wannan ɗabi'a wani marubuci ya gina hujjarsa. Abin da ya tafi a kai shi ne cewa masana sun gano wasu ƙananan ƙwayoyi da ake kira ɗigon kwantam, waɗanda in aka zuba su cikin robar da ake yin tambarin sai hoton ya ƙara fitowa, ya ƙara ƙarko, kuma ya gagari mai kwaikwayo. Daga nan ya yanke cewa manomin shinkafa da mai shagon magani a bakin iyaka sun kusa hutawa da jabun kaya, abin da ya rage kawai hukumomi su tilasta wa kamfanoni amfani da sabon tambarin. Niyyarsa mai kyau ce, kuma ɗigon kwantam ba tatsuniya ba ne. Amma hujjar ta cakuɗa abubuwa daban-daban wuri ɗaya, ta kuma tsallake rabin abin da ɗigon ke yi a cikin roba.

Asalin fasahar ya koma ga Dennis Gabor, ɗan ƙasar Hangare da ke aiki a Ingila, wanda ya fito da dabarar a 1947, aka ba shi kyautar Nobel a 1971. Dabarar ba ta yi wani tasiri ba sai da aka samu hasken leza a 1960. Daga nan Emmett Leith da Juris Upatnieks a Amurka, da Yuri Denisyuk a Tarayyar Sobiyet, suka nuna yadda ake ɗaukar hoto mai zurfi. Yadda abin yake, ana raba hasken leza gida biyu, ɗaya ya bugi abin da ake son ɗauka, ɗaya ya tafi kai tsaye, sai su haɗu a kan faranti. Haske igiya ne kamar igiyar ruwa. Duk wanda ya taɓa ganin jirage biyu sun gifta juna a kogin Neja ya san inda igiyoyinsu suka haɗu wani wuri ruwan kan yi tozo, wani wuri ya kwanta. Haka haske ke yi: ratsin haske, ratsin duhu, ratsin haske, dubbai a cikin milimita guda. Waɗannan ratsi-ratsin su ne hologiram. Aikin farantin kawai ya riƙe su.

A nan marubucin ya fara zamewa, domin hanyar riƙe ratsin iri biyu ce, kuma ya ɗauke su ɗaya. Tambarin azurfa mai launin bakan gizo da ke cika kasuwa ba a ɗaukarsa da leza ɗaya bayan ɗaya. Sau ɗaya ake yin uwar, a kwafe ta a kan farantin ƙarfen nikel, sannan a riƙa danna farantin a kan leda mai shafin alminiyam, kamar yadda baduku ke danna hatimi a kan fata. Ratsin a saman ledar yake, ƙananan kunya-kunya ne da ido ba ya gani. Irinsa ne Stephen Benton ya buɗe wa hanya a 1968, kuma shi ne MasterCard ya sa a katinsa a 1983, Visa ya biyo da kurciyarsa a 1984. A wannan aiki babu wani haske da ke daskarar da roba a lokacin bugu, saboda haka babu inda ɗigon kwantam zai shiga ya yi abin da marubucin ke yabo. Tambarin da mutumin Bahindi ke juyawa a rana kusan ko da yaushe wannan ne, kuma ana sayar da irinsa nadi-nadi, da rubutun “asali” a jiki, ga duk mai kuɗin saye.

Iri na biyu shi ne wanda ratsin ke cikin naman robar, ba a samanta ba. Shi ake ɗauka da leza a cikin fotofolima, wato roba mai daskarewa idan haske ya taɓa ta. Masu gyaran waya sun san danginta: gam ɗin nan da suke shafawa su manna gilashi, su haska masa ƙaramar fitila mai shuɗin haske ya ƙame nan take. Likitocin haƙori ma da irinta suke cike rami. Jamus ta fara sa wannan nau'in hologiram a katin shaida da fasfonta a 2001, kamfanin Covestro kuma yana sayar da fim ɗinsa mai suna Bayfol HX. Ya fi na dannawa wuyar kwafa, ya kuma fi shi tsada. Galibin binciken da ake yi kan ɗigon kwantam da hologiram a kan wannan nau'in yake.

Sai an fahimci abin da ke gudana a cikin robar kafin a iya auna maganar marubucin. Kayan haɗin su ne ƙananan ƙwayoyin da ake kira monoma, waɗanda ke yawo sakaka, da rini mai shan hasken leza, da wani sinadari mai tayar da aiki, da uwar roba da ke riƙe su duka. Inda ratsin haske ya sauka, rinin ya sha haske, sai a samu ɓarɓashi mai neman abin kamawa. Ya kama monoma ɗaya, wannan ya kama na gaba, har sarƙa ta yi tsawo, sarƙoƙi su sarƙafe kamar saƙar koma. Monoman wurin ya ƙare ke nan, sai na ratsin duhu ya riƙa gangarowa yana cike gurbi, shi ma a saƙe shi. A ƙarshe ratsin haske ya cika da folima, wato waɗannan sarƙoƙi, ratsin duhu ya rage kaya. Bambancin yadda ɓangarorin biyu ke tanƙwara haske shi ne hoton. In bambancin ya yi yawa, hoton ya fito sosai. In ya yi kaɗan, ya dushe.

Abin lura a nan shi ne tsere ake yi tsakanin tafiya da daskarewa. Robar tana farawa ne kamar talge, komai na iya motsi a ciki, tana ƙarewa kamar tuwon da aka gama tuƙawa, inda ko ƙwayar gero ta faɗa a nan za ta tsaya. In daskarewa ta yi gaggawa, kayan ba su kai inda za su ba aka rufe hanya. In ta yi nawa, sarƙoƙin kan miƙe su tsallaka cikin ratsin duhu, iyakar ta ɓace. Ga kuma iskar oksijin da ke cikin robar, wadda ke cinye ɓarɓashin farko, ta sa aikin ya yi jinkirin tashi. Duk abin da aka ƙara a wannan tukunya, komai ƙanƙantarsa, sai ya taɓa wannan tseren.

Shi kuwa ɗigon kwantam ƙwayar kiristal ce mai faɗin nanomita 2 zuwa 10, alhali gashin kan mutum ya kai kaurin nanomita dubu hamsin ko fiye. Alexei Ekimov ya fara ganin halinsa a cikin gilashi a Leningrad a 1981, Louis Brus ya gan shi a cikin ruwa a Amurka a 1983, Moungi Bawendi kuma ya fito da hanyar dafa shi daidai wa daida a 1993. Su ukun suka raba kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai a 2023. Abin mamakinsa, girmansa ne ke yanke launin da yake fitarwa: ƙarami ya ba da shuɗi, babba ya ba da ja, ko da sinadarin ɗaya ne. Shi ya sa ya samu kasuwa a talabijin, irin waɗanda Samsung ke sayarwa da sunan QLED tun 2017.

Inda marubucin ya yi gaskiya dole a ba shi. Ƙwayar da ba ta shiga saƙa, idan monoma ya kwarara zuwa ratsin haske, ita sai a ture ta zuwa ratsin duhu. Robar na tanƙwara haske da ma'aunin kusan 1.5, ɗigon kadmiyam da seleniyam (CdSe) kuwa kusan 2.5. Taruwar ɗigon a ratsin duhu na iya faɗaɗa bambancin da ke tsakanin ratsin biyu. Rukunin Yasuo Tomita a wata jami'ar Tokyo sun nuna wannan turereniya da ƙwayoyin titaniya a 2002, sannan a 2009 suka ba da rahoton ratsin da aka jera da ɗigon CdSe wanda ya juyar da kusan dukan hasken da aka aika masa. Ƙwayoyi masu tauri kuma kan rage tsukewar da roba ke yi in ta daskare, tsukewar da ke karkatar da ratsi ta sauya launin hoton. Sannan ɗigon yana ci da haske idan an haska masa fitilar da ake duba kuɗi da ita, wato tambari ɗaya na iya ɗaukar hoto biyu, na rana da na ɓoye.

Sai dai wannan adadi na kusan kashi ɗari, wanda irinsa ke ruɗar mai karanta kanun labari, ba ɗigon ne ya fara kawo shi ba. Tun 1969 Herwig Kogelnik ya fitar da lissafin da ya nuna cewa ƙarfin hologiram na cikin nama ya rataya ne a kan abu biyu a haɗe, bambancin ratsi da kaurin fim. Fim mai ƙaramin bambanci, in aka ƙara masa kauri, zai kai wurin. Tun ƙarshen shekarun 1960 ake samun kusan haka da jelatin mai sinadarin dikromet, babu ɗigo ko ɗaya a ciki. Lissafin ya ma nuna cewa a hologiram ɗin da haske ke ratsawa, in bambancin ya wuce ƙima sai ƙarfin ya fara komawa baya. Ke nan “ƙari” ba kullum yake nufin “gyara” ba, kuma aikin Tokyo ya nuna cewa ana iya jera ɗigon da haske ne, bai nuna cewa sai da shi hologiram ke kyau ba.

Matsala ta farko da marubucin bai ambata ba ita ce ɗigon ma mashayin haske ne. Yana shan duk hasken da igiyarsa ta fi wadda yake fitarwa gajarta. Ɗigon da ke ba da ja zai sha kore da shuɗi, su ne kuwa launukan lezar da aka fi ɗaukar hologiram da su. Ya zama kishiyar rini ke nan a kan abinci ɗaya. Saman fim ɗin ya ƙoshi da haske, ƙasansa ya kwana da yunwa, ratsin ya yi ƙarfi a sama ya raunana a ƙasa. Hasken da ɗigon ke mayarwa kuma ba shi da tsari, ko'ina yake fantsama, har cikin ratsin duhu, inda zai iya tayar da rinin da ya kamata ya yi barci. Wurin da ake so ya zauna ruwa-ruwa sai ya fara ƙamewa.

Ta fuskar sinadari ma ɗigon ba ɗan kallo ba ne. In ya sha haske, lantarkin cikinsa kan rabu, kuma in ya kai bakin ƙwayar yana iya tayar da sarƙa da kansa. An nuna haka da ƙwayoyin kadmiyam salfaid tun farkon shekarun 1990 a Kalifoniya. Wani lokaci wannan alheri ne, aikin ya yi sauri. Amma bakin ƙwayar da ke haifar da ɓarɓashi yana iya kama shi ya kashe. Ga kuma rigar da ake sa wa kowane ɗigo don kada ya manne da ɗan'uwansa, wadda ƙwayoyin maiƙo ne ko masu sinadarin kibiritu. Masu kibiritun sun shahara da yanke sarƙa tana cikin tsawo su fara wata sabuwa, abin da ke jinkirta daskarewa. Jinkirin na iya ba ɗigon lokacin isa ratsin duhu, yana kuma iya barin robar da taushin da ba za ta riƙe ratsi ba. Ɗigo iri ɗaya, in aka sauya masa riga ko aka sauya monoma, sai ya ba da sakamako na daban. Wanda ya ce ɗigon kwantam na inganta daskarewa, bai faɗi wane ɗigo ba, da wace riga, a cikin wace roba, da wane launin leza, bai ce komai ba tukuna.

Babbar damuwar masu wannan aiki ita ce dunƙulewa. Ƙwayar da ta fi igiyar haske ƙanƙanta tana warwatsa haske gwargwadon faɗinta, kuma hawan ba na wasa ba ne: in faɗin ya ninka biyu, warwatsawar ta ninka 64. A ɗauka ɗigo takwas sun manne sun zama dunƙule mai faɗi biyu. Da suna warwatse, abin da suke ɓatarwa takwas ne, yanzu 64. Fim ɗin da ya kamata ya zama garau sai ya yi hazo kamar sararin hunturu, kuma hasken da ya ɓace hanya yakan rubuta nasa ratsin na banza a kan na gaskiya. Shi ya sa ake samun wani ƙaramin mizani da in an wuce shi hoton ke lalacewa maimakon gyaruwa. Gishiri ne a miya, ba garin tuwo ba.

Duk wannan a ɗakin gwaji mai sanyi ne, a kan teburin da ko taku ba ya girgiza shi. Kayan da za su zauna a rumfar kwano a Bahindi wata duniya suke shiga. A watannin Maris zuwa Mayu zafin Kebbi kan haura digiri 40, da damina kuma raɓar fadama da tururin kogi su cika iska. Fotofolimar da aka fi gwaji da ita a jami'o'i, mai akrilamaid a cikin uwar roba mai narkewa a ruwa, tana shan laima ta kumbura, ratsin ya buɗe, launin ya sauya. Abin ya tabbata har masu bincike a Dublin suka mayar da wannan rauni na'urar auna laima a 2008. Ɗigon shi ma iska da laima da hasken rana kan ci bakinsa, haskensa ya dushe, shi ya sa a talabijin ake rufe shi tsakanin ledoji masu hana iska shiga. Tambarin da ya dushe a kan kaya na gaskiya ya fi rashin tambari illa, domin zai sa a mayar da na ƙwarai a ce jabu ne.

Akwai kuma batun guba, wanda bai kamata a ce an manta da shi a maganar kwalin magani ba. Ɗigon da aka fi nazari a kansa na kadmiyam ne, ƙarfen da hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sa a rukunin farko na masu jawo cutar, Tarayyar Turai kuma ta ƙayyade shi a kayan lantarki zuwa kashi 0.01 cikin ɗari. Akrilamaid ɗin da bai daskare ba yana taɓa jijiyoyi. Abin da ke cikin tambari ɗaya kaɗan ne ƙwarai, gaskiya ne. Amma a garin da kwali da leda ke ƙarewa a bola ko a murhu, ana ƙona su kusa da gonar albasa, lissafin na miliyoyin tambari ne. Akwai ɗigon da ba su da kadmiyam, na indiyam ko na kabon, sai dai kowannensu da nasa halin a cikin roba, kuma sakamakon CdSe ba ya wucewa kansu kai tsaye.

Marubucin ya kuma kawo kuɗin leda a matsayin shaidar cewa Najeriya ta riga ta shiga wannan fasaha. Kama da wane ba ta wane. Naira 20 ta leda ta fito a 2007, naira 5 da 10 da 50 suka biyo a 2009, a kan dabarar da Ostireliya ta fara a 1988. Ledar kuɗi folifurofilin ce, an gama sarrafa ta tun a masana'anta, buga tawada kawai ake yi a kanta. Ba ta daskarewa da haske, ba a ɗaukar komai a cikin namanta. Kalmar folima ce kawai ta haɗa su, kamar yadda kalmar hatsi ta haɗa gero da shinkafa.

Ko da an warware duk waɗannan, tushen hujjar na nan da rauninsa. Mai jabu ba ya buƙatar kwafar tambari daidai, abin da yake buƙata ya ruɗi idon da ke kallo na daƙiƙa biyar, idon da galibi bai taɓa ganin na asalin ba. Kallon kitse ake yi wa rogo tun kafin a san leza. Hoton ɓoye mai ci da haske ma tawada mai arha na yin irinsa, kuma an daɗe ana sa ta a takardun kuɗi. Abin da ya raba hasken ɗigon kwantam da na tawada shi ne tsantsar launinsa, wanda sai na'urar tantance launi ke iya tabbatarwa. Ba a samun wannan na'ura a shagon magani na ƙauye, ba kuma a aljihun mai sayen maganin ciyawa take ba. Tsakanin sakamakon ɗakin gwaji da kasuwa ma akwai tafiya. Kamfanin InPhase na Amurka ya yi shekaru yana alkawarin faifan hologiram na fotofolima mai ɗaukar gigabayit 300, ya nuna samfurinsa, amma ya durƙushe a 2011 ba tare da faifan ya zama kayan kowa ba.

Abin da ya fi kusa da hannun mutanen bakin iyaka ba ya ƙyalli. Tun 2010 hukumar NAFDAC ta fito da tsarin kankare lamba a jikin magani a aika ta saƙon waya, amsa ta dawo daga rumbun bayanai, kuma an fi ganinsa a kan magungunan zazzaɓin cizon sauro da na kashe ƙwayoyin cuta. Shi ma yana da nasa gibin: sai da sabis, sai mai saye ya iya karanta amsar, kuma bai shafi maganin feshi da iri da man inji ba. Amma tambayar da yake amsawa ita ce daga ina wannan kwalin ya fito, ba yaya yake walƙiya ba. Kayan da suka ratso ta hanyar Segbana ko suka sauko daga kasuwar Malanville ta ruwa, lambar rajista da takardar dillali da ranar ƙarewar aiki ne ke ba da labarinsu.

Ɗigon kwantam a cikin fotofolima fage ne na bincike mai rai, kuma ɗaliban kimiyyar sinadarai da na fiziya a Aliero da Birnin Kebbi da Sakkwato na da abin yi a cikinsa, musamman gwada yadda irin wannan fim ke jure zafi da laimar kwarin Neja. Amma kiran a tilasta shi a kan kayan kasuwa ya riga malam masallaci. Ɗigon na iya ƙara wa hologiram ƙarfi, yana iya rage masa, gwargwadon yawansa da rigarsa da launin lezar da aka ɗauka da ita. Tambarin da ke kan kwalbar da ake sayarwa yau a Bahindi kuwa ledar alminiyam ce da aka danna da farantin ƙarfe, kuma babu ɗigon kwantam a cikin ratsinsa.